Ko lambun bayan gida zai iya ceto tsuntsayen Amurka?

A watan Maris na 2025 wasu rahotanni biyu suka fito a Amurka waɗanda suka tayar da hankalin masu kare muhalli. Na farko, wanda mujallar kimiyya ta Science ta buga, ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi a ƙasar ya ragu da kashi 22 cikin 100 tsakanin shekarar 2000 da 2020. Na biyu kuma, wanda ƙungiyoyin nazarin tsuntsaye suka haɗu suka fitar, ya ce kimanin kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in tsuntsayen ƙasar na buƙatar agajin gaggawa.

Waɗannan alkaluma sun ƙara wa wani tsohon yunƙuri ƙarfi, wato koya wa masu gidaje yadda za su mayar da farfajiyarsu da bayan gidansu mazaunin tsuntsaye da ƙwari da ƙananan dabbobi. Jami'o'i da ƙungiyoyin sa kai da wasu gwamnatocin jihohi duk sun shiga aikin.

Tambayar da masu lura da al'amura ke yi ita ce: shin ɗan filin da ke bayan gidan mutum zai iya gyara ɓarnar da ta shafi nahiya guda?

Asarar da aka tafka

Binciken da ya fi girgiza jama'a shi ne wanda aka buga a 2019 ƙarƙashin jagorancin Ken Rosenberg na Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta Jami'ar Cornell. Binciken ya gano cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, wato kashi 29 cikin 100 na adadin da ake da shi a da.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, galibin asarar ta faɗa ne kan tsuntsayen da kowa ya saba gani, irin su dangin gwara, waɗanda babu wanda ya taɓa zaton suna cikin haɗari.

Matsalar ba ta tsaya a Amurka ba. A 2017 masu nazarin ƙwari na birnin Krefeld a Jamus suka bayyana cewa nauyin ƙwari masu tashi da tarkonsu ke kamawa a yankuna 63 da aka keɓe ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekaru 27. Idan hakan ta faru a wuraren da doka ta kare, ina ga sauran wurare?

Wannan ne ya sa wasu masana suka fara cewa gandun daji na gwamnati kaɗai ba zai wadatar ba. A Amurka kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙasa na hannun ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni ne, kuma a gabashin ƙasar adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Duk shirin da bai shigar da masu filaye ba, in ji su, ya bar mafi yawan ƙasar a waje.

Shimfiɗar ciyawa

Wanda bai san unguwannin Amurka ba zai yi wuya ya gane girman matsayin koriyar ciyawar da ake shimfiɗawa a gaban gida. Al'adar ta samo asali ne daga gidajen masu hannu da shuni na Ingila da Faransa, sannan ta game unguwannin bayan gari da aka yi ta ginawa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ciyawa mai kyau, wadda aka yi wa aski daidai, ta zama shaidar cewa mai gida mutumin kirki ne mai mutunta maƙwabta.

Wani bincike na 2005 da Cristina Milesi ta jagoranta tare da taimakon hukumar NASA ya ƙiyasta cewa irin wannan ciyawa ta mamaye kimanin eka miliyan 40, abin da ya ninka filin masarar da ake nomawa da ban ruwa a ƙasar har sau uku. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje ake zuba shi, mafi yawansa a kan ciyawa da furanni.

Ga tsuntsu da ƙudan zuma, wannan fili kusan fako ne. Yawancin ciyawar daga Turai aka kawo irinta, ana yanke ta kafin ta yi fure, ana kuma fesa mata maganin ƙwari da na kashe haki. Babu abinci a cikinta, babu maɓoya.

Abin da ake koyarwa

Shirin da ya fi daɗewa shi ne na Ƙungiyar Kare Namun Daji ta Ƙasa, wato NWF, wanda aka fara a 1973. Ana koya wa mai gida cewa kowace halitta na buƙatar abubuwa huɗu: abinci, da ruwa, da maɓoya, da wurin renon 'ya'ya. Daga baya aka ƙara sharaɗi na biyar, wato kula da lambun ta hanyar da ba ta cutar da muhalli.

A aikace, abin bai da wuya. Tsirrai masu 'ya'ya ko iri ko ruwan fure su ne abinci. Kasko mai ruwa da ake sauyawa a kai a kai ya isa mashaya. Tarin ƙirare ko duwatsu ko cunkushen shuke-shuke a kusurwar gida maɓoya ce. Tsohuwar bishiya mai kogo ko akwatin da aka rataya domin sheƙa wurin reno ne. Ana kuma roƙon mutane su bar busasshen ganye a ƙarƙashin bishiyoyi da kaka, domin a cikinsa ne ƙwari da yawa ke fakewa har hunturu ya wuce.

Wanda ya cika sharuɗɗan yakan biya ɗan kuɗi kaɗan, a ba shi takardar shaida, ya kuma sayi allo ya kafa a ƙofar gida. Wuraren da ƙungiyar ta ba shaida sun haura 250,000, ciki har da makarantu da wuraren ibada.

Akwai kuma tsarin da Jami'ar Jihar Washington ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, inda ake horar da 'yan sa kai kan aikin lambu, su kuma su koyar da maƙwabtansu kyauta. Tsarin ya bazu a faɗin ƙasar, kuma yana aiki ne tamkar yadda malaman gona ke yi a karkara. Ƙungiyar Audubon da NWF sun buɗe shafuka a intanet inda mutum zai sa lambar akwatin gidan wayar unguwarsu, a jero masa tsirran da asalinsu na yankin ne.

Sirrin yana ga tsutsa

Mutumin da ya fi kowa sauya alƙiblar wannan koyarwa shi ne Douglas Tallamy, farfesan nazarin ƙwari a Jami'ar Delaware, wanda littafinsa na 2007 mai suna Bringing Nature Home ya samu karɓuwa sosai.

Hujjarsa ita ce, mutane sun ɗauka tsaba ce abincin tsuntsu, alhali mafi yawan tsuntsayen tudu da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, musamman tsutsotsin da ke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi da danginsa. Tsutsa tana da laushi, tana da maiƙo da sinadarin gina jiki, ɗan tsuntsu kuma ba zai iya haɗiyar tsaba mai tauri ba. Tallamy ya ƙiyasta cewa wani ƙaramin tsuntsu da ake kira chickadee na buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin 'ya'yan sheƙa ɗaya su yi fiffike.

Ita kuma tsutsa ba kowane ganye take ci ba. Tsirrai na kare kansu da guba ko ɗaci, kuma kowane irin ƙwaro ya saba ne da tsirran da kakanninsa suka rayu a kansu shekaru dubbai. Bishiyar oak ta asalin Amurka na ciyar da ɗaruruwan nau'o'in tsutsa. Bishiyar ado da aka kawo daga Asiya kuwa, komai kyanta, 'yan ƙalilan ne ke iya cin ganyenta.

A 2018 Desirée Narango tare da Tallamy da Peter Marra suka gwada wannan magana a gidajen mutane da ke birnin Washington da kewaye. Sun gano cewa tsuntsun chickadee na iya hayayyafa yadda zai maye gurbin waɗanda suka mutu ne kawai a gidajen da baƙin tsirrai ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Inda suka wuce haka, tsuntsun kan yi sheƙa amma 'ya'yan da ke tsira ba sa isa. Daga nan ne shawarar da ake ba masu gidaje ta fito, cewa kashi 70 cikin 100 na shukarsu ta kasance 'yar ƙasa.

A 2020 Tallamy da Michelle Alfandari suka kafa wani shiri da ke neman Amurkawa su mayar da rabin shimfiɗar ciyawarsu, wato eka miliyan 20, zuwa tsirran asali. Suna kiran abin gandun dajin ƙasa da aka noma a gida.

Misalin da ya fi shiga zukatan jama'a shi ne na malam-buɗe-littafin da ake kira monarch, wanda ke tafiyar dubban kilomitoci daga Kanada da arewacin Amurka zuwa tsaunukan jihar Michoacan da maƙwabciyarta a Meziko domin ya yi hunturu. Tsutsarsa ba ta cin komai sai wata shuka mai farin ruwa kamar nono, 'yar uwar tumfafiya. Tun da aka fara noman masara da waken suya masu jure maganin kashe haki a ƙarshen shekarun 1990, shukar ta ɓace daga gonaki masu ɗimbin yawa. Faɗin dajin da monarch ke rufewa a Meziko ya faɗo daga hekta 18 a hunturun 1996 zuwa ƙasa da hekta 1 a hunturun 2013 da kuma na 2023. Tun 2005 shirin Monarch Watch na Jami'ar Kansas ke koya wa mutane shuka wannan tsiro a gidajensu, domin ya zama zango a kan hanyar ƙaurar.

Maƙwabta da doka

Babban cikas da masu wannan sha'awa ke cin karo da shi sau da yawa daga maƙwabta yake fitowa. Fiye da Amurkawa miliyan 70 na zaune ne a unguwannin da ƙungiyoyin masu gidaje ke gudanarwa, kuma waɗannan ƙungiyoyi na da ikon cin tarar duk wanda farfajiyarsa ta saɓa wa ƙa'ida. Birane da yawa kuma suna da dokar da ta ƙayyade tsawon ciyawa. Abin da masani ke kira mazaunin halittu, maƙwabci na iya kiransa ƙazanta da za ta jawo macizai da ɓeraye, ta kuma karya darajar gidaje.

A garin Columbia na jihar Maryland, wata ƙungiyar unguwa ta umarci wasu ma'aurata su tumɓuke lambunsu na tsirran asali su mayar da ciyawa. Suka ƙi, aka shiga kotu, maganar ta kai majalisar dokokin jiha. A 2021 Maryland ta kafa dokar da ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutane shimfiɗa ciyawa zalla. Jihohin Maine da Illinois sun bi sahu da dokoki makamanta.

Jihar Minnesota ta ɗauki wata hanyar. Tun 2019 take ba masu gidaje tallafin 'yan ɗaruruwan daloli tare da horo, domin su shuka furannin da wani ƙudan zuman daji ke buƙata, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 2017. A 2023 kuma jihar ta wajabta wa biranenta su ƙyale masu gida su yi irin wannan lambu muddin suna kula da shi.

A yammacin ƙasar kuwa ƙarancin ruwa ne ke yin aikin da wa'azi ya kasa. A 2021 jihar Nevada ta kafa dokar cire ciyawar ado daga gefen tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Vegas kafin 2027, saboda ja da bayan Kogin Colorado. Dokar ba ta shafi gidajen iyali ba, amma hukumar ruwa ta yankin ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi idan sun cire ciyawarsu.

Masu koyarwa sun ɗauki darasi daga waɗannan rigingimu. Yanzu suna ba da shawarar a gyara gefen lambu tsaf, a bar 'yar hanya a tsakiya, a kuma kafa allo, domin mai wucewa ya gane da gangan aka yi, ba lalaci ba ne.

Darasin Turai

A Birtaniya, inda aka ƙiyasta akwai lambunan gida fiye da miliyan 20, akwai shaidar da ta ƙarfafa gwiwar masu wannan ra'ayi. Jennifer Owen, wata masaniyar halittu, ta shafe shekaru 30 daga 1972 tana ƙidayar abin da ke rayuwa a ɗan lambunta da ke birnin Leicester. Ta lissafa nau'o'in tsirrai da dabbobi 2,673.

Sha'anin bushiya ya ƙara fito da wani darasi. Bushiya kan yi tafiyar kilomita ɗaya zuwa biyu a dare guda wajen neman abinci, don haka lambu ɗaya da aka kewaye da katanga ba ya isarta. Shirin Hedgehog Street da aka fara a 2011 na roƙon maƙwabta su huda 'yar kafa mai faɗin santimita 13 a gindin shingensu, yadda lambuna za su haɗe. Wani rahoto na 2022 ya nuna cewa yayin da bushiya ta ragu ƙwarai a karkara tun 2000, a birane adadinta ya fara daidaita.

Gwamnatoci ma sun sa baki. Faransa ta hana masu lambun gida saye da amfani da magungunan ƙwari na sinadarai daga 2019. Jihar Baden-Württemberg ta Jamus ta haramta rufe farfajiya da tsakuwa a 2020.

Abin da ke faruwa a lambuna da gonakin Turai ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin wasu daga cikin tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a can su ne ke ƙetare Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da yankin Tafkin Chadi lokacin hunturu. Tsuntsun da bai samu abincin renon 'ya'ya a arewa ba, ba za a ga zuriyarsa a kudu ba.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka, akwai dalilan yin taka-tsantsan.

Na farko, takardar shaidar NWF ta dogara ne kan abin da mai gida ya faɗa da bakinsa, babu jami'in da ke zuwa dubawa. Yawan allunan da aka kafa ba ya nuna yawan tsuntsayen da aka ceta.

Na biyu, kyakkyawar niyya na iya haifar da ɓarna. A Birtaniya, wata cuta da ta ɓulla a 2005, wadda ke yaɗuwa a wuraren da ake zuba wa tsuntsaye tsaba da ruwa, ta karya yawan wani koren tsuntsu da ake kira greenfinch, har aka sa shi cikin jerin masu haɗari a 2021. A Amurka kuma binciken Scott Loss da abokan aikinsa ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye kimanin biliyan 2.4 a shekara, gilashin tagogi kuma na kashe ɗaruruwan miliyoyi. Wanda ya janyo tsuntsaye gidansa sannan ya saki kyanwarsa a waje, tarko ya ɗana musu.

Na uku, wasu kamfe sun riga hujja gudu. Kiran a daina yanke ciyawa a watan Mayu, wanda ƙungiyar Plantlife ta fara a Birtaniya a 2019, ya shiga Amurka ta birnin Appleton na jihar Wisconsin a 2020. Amma a 2022 aka janye binciken da aka fi kafa hujja da shi kan nasarar shirin a birnin, saboda matsalolin da aka gano a alkalumansa. Wani binciken daban da Susannah Lerman ta hukumar gandun daji ta Amurka ta buga a 2018, kan gidaje 16 a Springfield ta jihar Massachusetts, ya nuna cewa ƙudan zuma sun fi yawa inda ake yanke ciyawa sau ɗaya a mako biyu. Ma'ana, sassauta yanka a duk tsawon damina ya fi hutun wata guda da aka yi sau ɗaya.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne inda asarar ta fi tsanani. Binciken 2019 ya nuna cewa tsuntsayen filayen ciyawa na karkara ne suka fi shan wuya, domin sun ragu da kashi 53 cikin 100. Waɗannan tsuntsaye na buƙatar sarari mai faɗi, ba sa zuwa bayan gidan kowa. Makomarsu na hannun manufofin noma, da tallafin da ake ba manoma, da dokokin magungunan feshi.

Wannan binciken dai ya nuna cewa agwagin ruwa da danginsu sun ƙaru da fiye da rabi a tsawon lokacin. Dalili kuwa shi ne shekaru da dama na zuba kuɗi wajen kare dausayi, tun daga harajin da aka ɗora wa mafarauta a 1934 zuwa dokar kare dausayi ta 1989. Inda aka samu doka da kuɗi da haƙuri, tsuntsaye sun farfaɗo.

Akwai kuma batun wanda ke da gidan. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyalan Amurka haya suke yi, kuma unguwannin talakawa su ne suka fi ƙarancin bishiyoyi. Shirin da ya tsaya kan masu gida zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne.

Me ya rage?

Shaidun da ake da su sun nuna cewa lambun bayan gida na aiki idan an cika sharuɗɗa uku: tsirran su kasance na asalin yankin, a daina feshin guba, kuma gidaje da yawa a unguwa ɗaya su yi tare. Zai taimaki ƙudan zuma, da malam-buɗe-littafi, da tsuntsayen da ke iya zama kusa da mutane, da masu ƙaura da ke neman zango. Ba zai maye gurbin daji ko dausayi ko filin kiwo ba.

Wataƙila babban amfaninsa a fagen siyasa yake. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a Montreal a Disamban 2022 cewa za su kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, kuma irin wannan alkawari ba ya cika sai da goyon bayan masu jefa ƙuri'a. Dokar Maryland daga rigimar lambu guda ta taso. Ko masu gidajen da suka koyi ƙidayar tsutsa a bayan gidansu za su kai wannan matsin lamba kan dokokin noma da na magungunan feshi, inda mafi girman asarar take, shi ne abin da masu kare muhalli ke jiran gani.